Dilar Gwanjo a Cikin Wayarka

Na ga yadda ka taɓe baki tun daga kanun. Malam, saki fuska, ba rance na zo nema ba. Daga cewa zan yi magana a kan matse bayanai a shafukan intanet har ka fara laluben takalminka, wai wannan zancen 'yan kwamfuta ne, masu tabarau da kwanan zaune. To koma ka zauna. Shekaranjiya wa na ji yana rantse-rantse cewa an sace masa data, ya sayi giga ɗaya da hantsi, kafin la'asar an turo masa saƙon ta'aziyya? Ba kai ba ne? Ban ce masu sayar maka da datar waliyyai ba ne, wannan shari'arku ce, ku ƙarata can. Amma akwai wani mai hannu a cikin asarar da ba ka taɓa tuhuma ba: mai shafin da ka buɗe, wanda ya watso maka kaya a warwatse bai ɗaure ba, kai kuma ka biya kuɗin dako kana murmushi.

Kuma kada ka ce mini ba ka san abin ba, don kai ma ɗan sana'ar ne. Buɗe saƙonninka mu gani. “Slm ykk.” “Lfy lau.” “Ngd.” Wane malamin Hausa ne ya koya maka wannan? Babu. Saƙon tes ne ya hore ka, tun lokacin da ka gane haruffa 160 ne iyakarsa, ka ɗora ɗaya a kai a cire maka kuɗin saƙo biyu. Sai ka zubar da wasula ka tura ƙashin kalma, wanda ka tura wa ya mayar mata da namanta a cikin kansa, kuma bai taɓa kiranka ya ce bai gane ba. Matsi ke nan: a rage abin da za a ɗauka a hanya, saƙon kuma ya isa cikakke. Ku Kanawa ma ban san dalilin da zai sa in tsaya yi muku bayani ba. Mu Zagezagi karatu ne ya kai mu ga fahimtar abin, ku kuwa tsoron asarar naira huɗu ne ya kai ku, kuma kun riga mu isa.

Tunda na taɓo ku, bari in ari misali daga kasuwarku. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Wambai ranar da ake fasa dilar gwanjo ya ga abin da idonsa. Dila takan iso a dunƙule, tauri kamar dutse, an ɗaure ta tamau. Ana yanke ɗaurin sai ta yi ajiyar zuciya, ta kumbura, riguna su cika rumfa har a rasa wurin taka ƙafa. Ko riga ɗaya ba ta ƙaru ba, ko maɓalli ɗaya bai ɓace ba. Iska kawai aka fitar kafin a loda wa jirgin ruwa, domin babu mahaukacin da zai biya kuɗin dakon iska daga Turai zuwa Kwatano.

To shafin intanet ma cike yake da iska. Abin da kake gani da launi da ado, a ƙarƙashinsa rubutu ne zalla: HTML mai cewa ga kanu ga sakin layi, CSS mai cewa wannan ja wancan kore, JavaScript mai sa maɓalli ya motsa in an taɓa shi. Kuma rubutu ne mai maimaita kansa fiye da maroƙi a gidan biki, kalma ɗaya sai ta dawo sau ɗari a shafi guda. Duk sanda ka taɓa adireshin wani shafi, burauzar wayarka takan je ta yi sallama a ƙofar wata kwamfuta da ba ta barci, wadda ake kira saba, masu fassara kuma suka raɗa mata uwar garke. A cikin sallamar takan faɗi irin ɗaurin da ta iya kwancewa: na iya gzip, na iya br. In sabar mai tarbiyya ce, sai ta ɗaure kayan da ɗaya daga ciki, ta manna 'yar takarda a jiki cewa ga irin ƙullin da na yi. In kuwa mai gidan bai kunna mata abin ba, sai ta kwaso su yadda suke ta zuba maka. Ko ta wace hanya shafin zai buɗe, kamanninsa ɗaya sak. Shi ya sa ba ka taɓa kama kowa ba.

Ga wani dattijo can a baya yana jan carbi yana girgiza kai. Na ji ka, Baba. Ka ce wannan siddabaru ne, ya za a yi abu ya ragu kuma a ce bai ragu ba? Matso kusa, da gaisuwarka zan yi maka bayani.

In aka gaishe ka da safe, amsarka ita ce “lafiya lau, lafiya lau, lafiya lau”. Ƙirga da ni, har da waƙafi da tazarar da ke tsakanin kalmomi: gurbi 34. Mai matsi ba zai rubuta duka ba. Zai rubuta zagayen farko, gurbi 12 ke nan har da waƙafinsa da tazararsa, sannan ya bar ɗan umarni: koma baya 12, kwafo 22. Na ga ka ɗaga yatsa. Ya za a kwafo 22 alhali 12 kawai aka ajiye? Ai yana kwafowa yana shimfiɗawa, abin da ya shimfiɗa yanzu shi zai taka ya ɗauko na gaba, har lissafi ya cika. Wanda ya karɓi saƙon zai bi umarnin, gaisuwarka ta dawo daram, ba ta rasa ko waƙafi ba. Masana biyu ne, Abraham Lempel da Jacob Ziv, suka wallafa wannan dabara a 1977, shi ya sa ake ce mata LZ77.

Dabara ta biyu ta fi wannan tsufa, kuma labarinta zai faranta ran duk ɗalibin da ke gudun jarrabawa. A 1951, a jami'ar MIT ta Amurka, wani malami mai suna Robert Fano ya ba 'yan ajinsa zaɓi: ko su zauna jarrabawar ƙarshe, ko su rubuta takarda a kan hanya mafi tsimi ta ba haruffa lambobi. Wani ɗalibi, David Huffman, ya zaɓi takardar, ya sha wuya har ya kusa haƙura, daga ƙarshe ya fito da hanyar da ta fi ta malamin nasa, aka buga ta a 1952. Abin da ya gano mai sauƙin faɗi ne. A al'ada kwamfuta kan ba kowane harafi wuri daidai da na ɗan'uwansa, ko yana zuwa kullum ko sai shekara-shekara. Huffman ya tsara yadda za a ba mai yawan zuwa gajeriyar lamba, baƙon da ba a cika gani ba a ba shi doguwa. Dubi wannan layin da kake karantawa ka ƙirga harafin a nawa ne a ciki, sannan ka nemo z. Me zai sa su biya haya ɗaya? Masu buga tangaraho ma sun san haka tun da daɗewa, shi ya sa a tsarin Morse harafin E, wanda ya fi kowanne yawa a Ingilishi, ɗigo ɗaya tak aka ba shi.

A farkon shekarun 1990 wani Ba'amurke, Phil Katz, ya aurar da dabarun biyu a cikin manhajarsa ta PKZIP. Har gobe in ka leƙa cikin fayil ɗin zip, haruffa biyun farko P da K ne, sunansa ya bari a bakin ƙofa. A 1992 kuma Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar da gzip a kan wannan tsari, kyauta ga kowa. Ka lura da shekarar. Abin nan ya girmi Google, ya girmi Facebook, ya girmi rabin masu taɓe mini baki a yanzu. Ba sabon yayi nake tallata maka ba. In kana son lamba, ga ta: akwai wani fayil ɗin JavaScript mai suna jQuery da ke cikin ɗimbin shafukan duniya, nauyinsa kilobait 80 da 'yan kai ko bayan an tsefe shi, amma in gzip ya ɗaure shi sai ya dawo wajen 30. Kusan kashi biyu cikin uku iska ce. A rubutun shafi, haka abin ya saba kasancewa.

Yauwa, ga ɗan kwalisa ya iso, mai waya mai ido uku a ƙeya. Wai shi duk wannan bai dame shi ba, 5G yake hawa, kilobait 50 ai ko ƙiftawar ido ba ta kai ba. Sannu da arziki, ɗan samari. Amma ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne: faɗin hanya daban, nisanta daban. A mayar da titin Kano zuwa Legas layi goma, Legas ba za ta matso ko taku ɗaya ba. Haske a cikin wayar gilashi yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, kuma babu kuɗin da zai ƙara masa sauri. In sabar tana zaune a Jamus ko Amurka, yadda da yawa suke, kowace tambaya sai ta gangara bakin teku, ta nutse, ta ɓullo a can, amsa kuma ta biyo sawu.

A nan gizo ke saƙar, kuma yanar tasa ce. Saba ba ta sakar wa baƙo kaya gaba ɗaya. Halinta irin na babban ɗan kasuwa ne da sabon yaro ya zo karɓar kaya bashi: ba ya buɗe masa sito, sai ya ba shi kaɗan ya ga ko zai dawo. A zagayen farko ƙunshi 10 take bayarwa, jimillarsu kilobait 14 da ɗoriya, ta tsaya sai an ce mata sun iso. In sun iso ta ninka, in waɗannan ma sun iso ta sake ninkawa. A ce rubutun shafinka kilobait 60 ne a sake. Zagayen farko 14, na biyu ya kai ka 40 da 'yan kai, sai a na uku za a gama. Sahu uku ke nan a ƙarƙashin teku. In an matse shi ya dawo 14, sahu ɗaya ya wadatar. Wayarka mai ido uku ba ta da ta cewa a wannan lissafi, jira za ta yi kamar ta kowa.

Ban da haka ma, wa ya ce maka don kai aka yi shafin? Mai sayen da ake nema yana iya kasancewa a ƙauye, a tsaye kan tudun bayan makarantar firamare inda sabis ke kamawa, harafin E ɗin nan mai nuna raunin sabis ya fito masa a saman waya kamar sammaci. Waɗanda suka yi zamanin ƙananan wayoyi masu maɓalli ba sa buƙatar wa'azina. Sun tuna dalilin da ya sa kowa ya rungumi Opera Mini: ita ba kai tsaye take kawo maka shafi ba, sai ta bi da shi ta sabobinta, ta matse shi, sannan ta miƙo maka. Kai ma, ɗan kwalisa, ina kake ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma? Ranar ai mai 5G da mai E layi ɗaya suka bi, kowa na kallon abin nan yana juyawa.

Yanzu bari in juyo kanku, masu shafuka da masu ba su masauki, don tun ɗazu kuke dariya kamar ba da ku ake ba. Mai masauki zai ce mini matsi ba kyauta ba ne, ƙwaƙwalwar saba yake ci. Gaskiya ka faɗa, yallaɓai, ban musa ba. Mafi arahar masauki gidan haya ne: shafuka ɗaruruwa a kan inji ɗaya, kamar 'yan haya masu famfo ɗaya da mita ɗaya, in wani ya jona hita kowa ya ji a jikinsa. Amma gzip matakai gare shi, daga 1 zuwa 9, kuma in ba ka ce komai ba a na 6 yake tsayawa. Daga 1 ma an riga an fitar da mafi yawan iskar. Daga 6 zuwa 9 kuwa gumi ne mai yawa a kan ribar da ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ya murɗa shi zuwa 9 a kan kowane shafi don a ce ya iya, shi ya ja wa kansa, kada ya ɗora wa Gailly da Adler.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne mai cewa ai shi ya kunna tuntuni. Ka kunna, amma ka duba? Manhajar Nginx, wadda ke riƙe da babban kaso na shafukan duniya, ko an kunna mata gzip, HTML kaɗai take ɗaurewa sai in an zauna an lissafa mata sauran nau'o'in da sunansu. Ga CSS da JavaScript, waɗanda sau da yawa su ne masu nauyin, suna fita tsirara. Ka ɗaure ɗan akuya ka bar shanu a gonar mutane, sannan ka zo kana nuna mini igiya.

Kukan cin ƙwaƙwalwa ma yana da magani, kuma mai waina ta san shi. Ba ta jira sai mai saye ya tsaya a gabanta sannan ta jiƙa shinkafa, tun dare ƙullunta ya kwana. Fayilolin da ba sa canzawa, irin su CSS da JavaScript, ana matse su sau ɗaya a mataki mafi tsanani, a ajiye, duk wanda ya zo a miƙa masa ɗaurarre. Wanda ake haɗawa nan take ne kawai, kamar shafin da ke nuna maka abin da ka zuba a kwandon sayayya, ake yi wa ɗaurin gaggawa. Kwancewa kuwa ba ta da wuya. Ɗaure dila sai da inji, amma yaro da almakashi ya isa ya fasa ta.

Wancan br da na ambata ɗazu sunansa Brotli. Injiniyoyin Google biyu ne a birnin Zurich, Jyrki Alakuijala da Zoltán Szabadka, suka ƙera shi, suka raɗa masa sunan wani ɗan ƙaramin burodi na mutanen Suwizalan. An fara da shi wajen matse fayilolin salon haruffa a 2013, a 2015 aka sake shi ga shafuka baki ɗaya. Matakansa daga 0 zuwa 11, na 11 ɗin jan ƙafa gare shi ƙwarai, sai dai a yi masa dabarar mai waina. Yakan fi gzip matsewa, kuma burauza ba ta neman sa sai a shafin da adireshinsa ya fara da https. Wani ɓangare na sirrinsa shi ne ya zo da guzurinsa: ƙamus na ciki mai kalmomi da guntayen jimloli sama da 13,000, waɗanda saba da burauza duk sun haddace, don haka ba sai an aiko su ba, nuni kawai za a yi. Irin “slm” ɗinka ne, amma na manya.

To ga inda zan ba masu ƙorafi abin taunawa, don kada ku tafi hannu rabbana. Kalmomin ƙamus ɗin daga harsuna shida aka tsinto su: Ingilishi, Sifaniyanci, Sinanci, Hindi, Rashanci da Larabci. Babu Hausa. Wato “gwamnati” da “ranar” da “wanda”, duk yawan zuwansu a shafin labarai, sai an rubuta su cikakku sau ɗaya kafin a fara nuni gare su, alhali takwarorinsu na Ingilishi an san da zamansu tun kafin a yi sallama. Ƙari a kan haka, ƙ da ɗ da ɓ kowanne bait biyu yake ci, k da d da b kuwa ɗaya-ɗaya. Na san wani malalaci ya riga ya washe baki, ya samu hujjar daina sa lanƙwasa. Rufe bakinka. Kalmar da ta maimaitu nuni ake yi mata ko da lanƙwasa ko babu, kuma ɗan abin da za ka tsimin bai kai kunyar rubuta wa surukarka cewa ka ga “kafa” a bangonta alhali “ƙafa” kake nufi ba, ko akasin haka. Akwai kuma na uku a layi, Zstandard, na Yann Collet, wanda Facebook ta fitar a 2016, shi saurinsa ake yabo, burauzar Chrome ta fara karɓarsa a 2024.

Sai kuma kai da ka wuce gona da iri. Ɗazu kai ne mai musu, yanzu ka tuba har kana neman ka fi liman. Wai in matsi ɗaya ya rage kashi biyu cikin uku, me zai hana a matse matsattsen, a sake matsewa, har fim guda ya koma kamar ƙwayar gero? Da haka ne da tuni an zuba intanet duka a cikin layar wuya. Iskar da aka fitar ta fita, babu ta biyu. Ƙara ɗauri ma ƙara nauyin igiya ne: fayil ɗin da babu komai a cikinsa, in ka ba gzip, sai ya dawo maka da bait 20, kuɗin buhu ke nan. Abin da ke matsuwa fiye da hankali shi ne wanda ba komai a cikinsa sai maimaici, kuma 'yan ta'adi sun san haka. Akwai wani sanannen fayil mai suna 42.zip, kilobait 42 kacal, in ka biye masa ka kwance har ƙarshe giga miliyan huɗu da rabi zai amayo maka.

Kuma dila a ɗakinka ake fasa ta, kada ka manta. JavaScript ɗin da ya iso a kilobait 300 yana iya zama kusan mega guda in an kwance, kuma wayar talaka sai ta karanta shi duka, ta aiwatar da shi duka, tana zafi tana shan batir. Matsi ya rage kuɗin mota, bai rage aikin sauke kaya ba. Mai shafin da ya tara tarkacen da ba ya amfani da su, ɗauri ba zai wanke shi ba. Akwai ma inda matsin kan zama kafar ɓarawo. A 2012 da 2013 masu bincike sun nuna hare-hare biyu, CRIME da BREACH, inda maharin ba ya ganin cikin buhu, girmansa kawai yake kallo. Sai ya cusa hasashensa kusa da sirrinka. In buhun ya ɗan ragu, ya san hasashen ya yi daidai da wani abu a ciki, tunda maimaici ne ke matsuwa. Da haka, harafi bayan harafi, yake zare sirrin. Shi ya sa masu hankali ke taka-tsantsan da shafukan da ke ɗauke da lambobin sirri.

In har yanzu kana ganin tatsuniya nake yi, gani ya kori ji. Hau kwamfuta, buɗe shafin da kake zargi, danna F12, shiga sashen da ke nuna zirga-zirgar fayiloli, ka sake loda shafin. Kowane fayil za ka iya ganin nauyinsa biyu, wanda ya bi hanya da wanda ya zama bayan an kwance. In fayil ɗin rubutu ne babba kuma lambobin biyu suka zo ɗaya, ka kama shi dumu-dumu.

Na bar hoto a ƙarshe da gangan, domin shi ba dilar gwanjo ba ne, kilishi ne. An shanya shi, ruwan ya tafi, ba ya dawowa tsoka. Tsarin JPEG, wanda shi ma ɗan 1992 ne, zubar da abin da ido ba zai lura da shi ba yake yi, shi ya sa gzip ba ya samun abin matsewa a jikinsa, haka ma bidiyo da sauti. Kuma a yawancin shafuka su ne masu cin datar, ba rubutu ba.

Wata ƙanwata mai sayar da atamfa da leshi ta kira ni kwanaki, murya a sama. “Yaya, shafin nan an yi masa baki. Mutane suna shiga suna fita, ko sallama babu.” Wani yaro ne ya haɗa mata, kuma da na tambaye shi sai ya bugi ƙirji ya ce ya kunna gzip, har da Brotli. Bai yi ƙarya ba, na duba, rubutun a ɗaure yake tsaf. Sai na gangara kan hotuna. Kowane ɗaya yadda ya fito daga wayarta haka aka ɗora shi, faɗinsa ɗigo 4,000, nauyinsa wajen mega huɗu, ana nuna shi a ɗan gurbin da bai fi kwalin ashana ba. Guda ashirin ne a shafin farko. Na ce, “Hajiya, ba baki ba ne. Duk wadda ta leƙo shagonki sai ta biya mega tamanin kuɗin shiga, kafin ta ga ko kalar zani ɗaya. Ke za ki tsaya?”

Na ce a rage faɗinsu zuwa 800, a juya su zuwa WebP, tsarin da Google ta fitar a 2010, kowanne ya dawo ƙasa da kashi ɗaya cikin ashirin na nauyinsa. Ta ce sam, ba za a taɓa mata leshi ba, ai idon leshi ake saye, in ya dushe wa zai yarda ba na bogi ba ne? Kuma a nan ta fi ni gaskiya, don na gwada matse ɗaya da ƙarfi, sai zanen ya dame kamar an zuba masa koko. Muka yi sulhu: ƙananan hotuna a gaba, babban kuma sai wadda ta taɓa da niyya, ita ta ga dama ta kashe datarta.

Bayan mako biyu ta sake kira, wannan karon da fara'a, wai ciniki ya buɗe. Na gyara zama ina jiran godiya. Sai ta ce, “Yaya, ashe hayaƙin da Inna ta ba ni na turara shagon yana da kyau. Shi wancan abin naka ma ka bar shi yadda yake, tunda bai ɓata komai ba.”